Aikin da Yaya Ya Bari a Rabi

Litinin, da hantsi

Yau na buɗe ofis. Kofin Yaya na nan a kan tebur inda ya bar shi, shayin ya bushe ya yi zobe a ciki. Kujerarsa tana kwance a ƙasa, ba wanda ya ɗaga ta tun ranar da ya faɗi. Na ɗaga ta na tura ƙarƙashin tebur. Ban zauna a kai ba, ta roba na jawo.

Dogo ya riga ni zuwa, na same shi zaune a bakin ƙofa da akwatin kayan aikinsa. Shi ne mai haɗa mana na'urori, shi ke kai su bakin kogi ya ɗaure a jikin gada. Ya tambayi mai jiki, na ce da sauƙi. Ya dube ni, na dube shi, muka bar zancen.

Injiniyan hukumar ruwa ya kira sau biyu. A na biyun na ɗauka. Ya yi jaje mai kyau, ya yi addu'a, sannan ya yi gyaran murya ya ce damina fa ba ta san an kwanta asibiti ba. Gaskiya ya faɗa. Na'urori ɗari uku muka yi alkawarin kafawa a gadoji kafin ruwa ya sauka, su riƙa auna tashin kogi suna aiko da labari, domin a tashi mutanen gangare kafin ruwa ya same su a gado. Na ce masa za a gama. Ban san da wane bakin na faɗa ba.

Litinin, da yamma

Na je asibiti. Yaya ya gane ni. Umma ta ce in gode Allah, na gode.

Laraba, da rana

Na buɗe kwamfutarsa. Ya tsaya a tsakiyar layin umarnin da yake rubuta mata, ko alamar baka bai rufe ba.

Dogo ya shigo da ruwan sanyi ya ce, “Hajiya, wai me ya rage ne? Akwatuna na shirye, batir na shirye. Ni dai kullum ji nake kuna mabuɗi, mabuɗi, har yau ban ga ƙofar ba.”

Na yi masa bayani, kuma ina jin kaina nake yi wa. Kowace na'ura tana ƙirƙirar mabuɗi biyu. Ɗaya na sirri, yana cikinta, ba ya fita. Ɗaya na fili, shi take aiko wa babbar kwamfutar ofis, don idan ta ce kogi ya tashi a tabbatar ita ce ta faɗa, ba wani ɗan iska ne ya aiko da ƙarya a tashi gari a banza ba. Mabuɗin filin nan wani ɗigo ne a kan lanƙwasasshen layi na lissafi, kuma lamba biyu ke nuna inda yake. Dogayen lambobi ne, idan aka haɗa su bayit sittin da biyar, wato gurbi sittin da biyar suke ci a saƙo. Rediyon na'urarmu kuwa saƙo ɗaya ba ya ɗaukar fiye da hamsin da ɗaya. Da, raba shi biyu muke yi, sai rabi ya iso rabi ya ɓace a hanya, na'ura ta yi ta maimaitawa har batir ya mutu.

Dogo ya ce, “Wannan kam na sani, ni ke hawa gada in canza.”

Dabarar da Yaya ya ɗauko ita ce a aiko lambar farko kawai. Wanda ya san ta farko zai iya lissafo ta biyu, sai dai amsa biyu ke fitowa, ɗaya cika ɗaya mara. Sai a ƙara bayit guda a gaba ya faɗi wacce ce. Talatin da uku ke nan, ya shige saƙo ɗaya har da sauran wuri. Yaya ya gama ɓangaren na'ura, mai matse mabuɗin. Ɓangaren ofis, mai warware shi, shi ne ya tsaya a rabi.

Dogo ya ce, “To ai ke ma kin iya.”

Na iya. Amma a bayansa na iya. Tun muna yara shi ke fara abu in ƙarasa, yana tsaye a kaina yana cewa ba haka ba, Auta, sake dubawa.

Alhamis, bayan la'asar

Ɗakin asibitin yana warin maganin goge ƙasa da lemon da mutane ke ta kawowa ba mai sha. Anti, matar Yaya, ta rame. Ita ke juya shi, ita ke goge masa baki, ba ta yarda ma'aikaciyar jinya ta riga ta.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake masa magana. Kowa ya shigo sai ya ɗaga murya kamar kunnen ne ya samu matsala. “Sannu ka ji! Ka ci abinci? Yauwa, yaron kirki!” Ƙanwar Umma ce ta ce yaron kirki. Mutumin da ya ɗauki ma'aikata, ya aurar da ni, ya tsaya mini lokacin da auren ya mutu. Na ga hannunsa na hagu ya damƙe zanin gado.

Umma ta hango kwamfuta a jakata. Ta ja ni waje.

“Me wannan ke yi a nan?”

“Daga ofis nake, Umma.”

“Kar in kuskura in ga kin buɗe ta a gabansa. Ita ta kai shi inda yake. Kin ji ni?”

Na ce na ji.

Asabar, da safe

Na gaji. Ban yi komai ba tukuna, na gaji.

Litinin, da yamma

Ɓangarena ya tashi. Na gwada da na'urori goma a kan tebur, duka goman suka aiko mabuɗi a saƙo ɗaya, kwamfuta ta warware, ta karɓa. Dogo ya yi tafi shi kaɗai. Ni kuwa na juya zan ce wani abu ga kujerar da ke hagu da ni.

Gobe Dogo zai fara lodi. Shi da direba za su bi kogi daga gangare su yi sama.

Umma ta aiko da abinci a kula. Na manta da shi a mota.

Alhamis, da hantsi

Suna ta shigowa. A allon ofis kowace gada ɗigo ce, ja kafin ta yi rajista, kore bayan ta yi. Ina zaune ina kallon kogi yana komawa kore daga ƙasa zuwa sama. Rabon da in ji daɗin wani abu haka na manta.

Likita ya kira Anti gefe yau. Ban tambaye ta abin da ya ce ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ta dai ce a fara neman kujera mai taya.

Talata, da rana

Biyu sun ƙi. Ɗaya a ƙaramar gadar kasuwa, ɗaya a gadar sama, inda rafuka biyu ke haɗuwa. Ta saman ita ce idon kowa. Ruwan da ya wuce ta da safe shi ke isa gangare da yamma.

Saƙonsu yana isowa, kwamfuta na cewa mabuɗi bai yi ba. Iyakar abin da take faɗa ke nan. Dogo ya canza eriya, ya canza batir, ya ce ya ma yi musu tofi. Ja dai.

Tabbas a nawa ɓangaren ne. Na karanta shi daga sama har ƙasa, na sake karantawa. Wurin zaɓen cika ko mara na fi zargi. Na gwada, daidai yake. Na sake gwadawa.

Juma'a, da yamma

Ba na son rubuta wannan, amma zan rubuta.

Umma ta tafi alwala, Anti ta sauka karɓo magani. Daga ni sai shi. Ya ɗan fara magana kwanakin nan, kalma ɗaya-ɗaya, wani lokaci ba wadda yake nufi ke fitowa ba. Jiya ruwa yake so ya ce takalmi. Ya ji abin da ya faɗa, ya rufe ido.

Ya nuna jakata da haɓa. Na ce ba komai a ciki. Ya sake nunawa. Wallahi shi ya nuna. Na ciro wayata, ba kwamfutar ba, na buɗe masa layukan da na rubuta, na riƙe a gaban fuskarsa. Na ce biyu sun ƙi, Yaya, duba mini.

Ya duba. Idonsa ya tafi dama, ya dawo, ya sake tafiya. Na ga leɓensa yana motsi kamar mai haɗa baƙi. Ya daɗe. Sai ya ture wayar da bayan hannu, a hankali, ya juya fuska bango.

Da Umma ta dawo ta ce, “Barci ya yi?” Na ce e.

Asabar

Ban je ba.

Lahadi, da yamma

Ban je ba. Anti ta kira, na ce aiki. Ta ce to.

Litinin, da hantsi

Dogo ya kira daga gadar kasuwa yana dariya. Ya gaji da ita, ya danna maɓallin da ke goge komai, ta ƙirƙiri sabon mabuɗi, nan take ta koma kore. Ya ce, “Hajiya, ashe duka take so. Bari in hau sama in yi wa 'yar'uwarta.”

Na ce kar ya taɓa ta.

Injiniya ya zo da kansa jim kaɗan bayan haka, da hularsa a hannu, yana share gumi. Ya ce ya ji an samu magani, me ake jira?

Na ce ba magani ba ne, sa'a ce. Na'urorin nan suna sake mabuɗi da kansu duk bayan 'yan watanni. Abin da ya sa biyu suka ƙi yau zai sa wata ta ƙi a tsakiyar damina, ba kowa a kusa, hanya ta yanke. Kuma ba za ta yi ƙara ba, shiru kawai za ta yi. Idan aka goge ta sama, an goge abin da zan duba in gane.

Ya ce, “Malama, ni ɗigo kore nake so in nuna wa shugabana.”

Na ce Dogo zai kai wata sabuwa ya ɗaura, ya kwanto mini waccan yadda take.

Ya juya hular a hannunsa. Ya ce, “Da yayanki ne...” Bai ƙarasa ba. Ban taimake shi ya ƙarasa ba. Ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya fita.

Sabuwar ba ta haɗu ba tukuna, sai an kawo allon ciki. Jibi, in ji mai kawowa.

Talata, da yamma

Hadari ya haɗu ta gabas. Bai zubo ba.

Laraba, da dare

Ya zubo. Ba a nan ba, can sama. Gadoji uku na kusa da ita sun nuna kogi ya motsa, ita kuwa ja, ba ta ce komai ba. Ni na hana a taɓa ta.

Dogo yana da lambar wani mai kwalekwale a wurin. Ya kira shi ya sa a lasifika. Mutumin ya ce ruwa ya kai gindin ƙarfen da aka shafa wa fenti, bai kai fentin ba. Dogo ya ce ya tsaya nan ya riƙa dubawa. Mutumin ya ce shi yana da abin yi. Dogo ya ce, “Haba Baba, yau kai ne na'urar gwamnati.” Ya yi dariya ya yarda.

Haka muka wuni, Dogo na kira, ni ina rubutawa a allo da alli ina tura wa Injiniya. Ruwan bai kai fentin ba. Da la'asar ya fara ja da baya.

Da ya kai fa? Na zauna a mota a ƙofar gida ban iya fitowa ba, har maƙwabciya ta ƙwanƙwasa gilashi ta ce lafiya.

Juma'a, da rana

Sabuwa ta hau, ta yi kore. Tsohuwar tana gabana a kan tebur da kashin tsuntsu a murfinta.

Anti ta zo ofis. Ba ta taɓa zuwa ita kaɗai ba. Ta ce tabaransa ta zo ɗauka, mai koya masa magana ta ce a kawo. Na buɗe mata aljihun tebur. Ta ɗauka, ba ta tafi ba. Ta jawo kujerarsa ta zauna, ta ɗora hannu biyu a kan tebur.

Ta ce, “Auta, me ya faru ranar Juma'ar da ta wuce?”

Na faɗa mata.

Na zaci za ta yi faɗa. Ta ce, “Tun ranar yake kallon ƙofa. Duk wanda ya turo sai ya ɗaga kai, in ya ga ba ke ba ce ya mayar.” Ta goge tabaran da gefen mayafinta. “Ni ban san aikinku ba. Amma ke kaɗai kika shigo ɗakin nan kika tambaye shi wani abu da ba ka ci ba, ka sha ba.”

Na ce ai bai iya karantawa ba, Anti.

Ta ce, “Na sani. Ni na kwana da shi ranar.”

Ta wanke kofinsa kafin ta tafi.

Asabar, da hantsi

Na gano.

Na jona na'urar da waya na karanta saƙon da take fitarwa, ɗanye, kafin ya shiga ɓangarena. Na ƙirga. Talatin da biyu. Na sake ƙirgawa da bakin biro a kan allo kamar 'yar aji ɗaya. Talatin da biyu, ba talatin da uku ba.

Lambar mabuɗinta da sifiri ta fara. Wurin matsewa, an yar da sifirin, yadda mutum ba ya rubuta sifiri a gaban lamba. Sai komai ya gusa da gurbi ɗaya, ya zama wani ɗigon da ba ya kan layin. A cikin mabuɗai ɗari biyu da hamsin da wani abu, ɗaya ne ke faɗowa haka. Goman da na gwada a tebur ba wanda ya faɗo.

Ba a ɓangarena yake ba. A nasa yake. Layi ɗaya, da sunansa a gefe.

Kusan sati biyu ina tone nawa, ko sau ɗaya ban buɗe nasa ba. Bai ma zo mini a rai ba.

Gyaran bai ɗauki lokacin shan shayi ba. Na sa kwamfutar ofis in ta ga saƙo ya gaza, ta mayar da sifirin gurbinsa. Ba sai Dogo ya sake hawa gada ko ɗaya ba. Na kunna, ɗigon na'urar da ke kan teburina ya koma kore. Na gyara nasa layin ma saboda na'urorin gaba.

Na zaci zan yi murna. Na kifa kai a tebur na yi barci har Dogo ya shigo ya ce ya zaci suma na yi.

Lahadi, da yamma

Na gaya wa Injiniya an gama. Ya tambayi me ya jawo. Na ce ƙaramin abu ne.

Talata, bayan la'asar

An sallamo shi. An mayar da gadonsa falo saboda matakala. Gida cike da 'yan sannu, kowa na ɗaga murya. Na tsaya a kicin ina wanke kofuna. Na hango shi ta ƙofa a cikin kujera mai taya, an lulluɓe masa ƙafa da bargo a wannan zafin. Ya hango ni. Na ɗaga masa kofi, ban san me nake nufi da hakan ba.

Umma ta ce na rame. Ta ce in aikin nan zai kwantar mata da 'ya'ya biyu gara a rufe shi.

Laraba, da hantsi

Na je da wuri kafin baƙi. Anti ta buɗe mini, ta ce Umma na wanka, ta shige ɗaki ta ja ƙofa.

Yana bakin taga da tabaransa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ɗaga yatsa biyu na hagu, ya kafe ni da ido. Biyun nan da suka ƙi.

A hanya na shirya abin da zan ce. Eriya ce, Yaya, Dogo ya canza, komai ya yi. Har na buɗe baki. Sai na ji muryata tana shirin hawa sama, irin ta 'yan sannu.

Na ja kujera na zauna daidai shi. Na ce, “Sun yi. Amma kuskurenka ne.”

Girarsa ta hagu ta ɗaga.

Na ce, “Wurin matse mabuɗi. In lamba ta fara da sifiri, kana yar da shi. Talatin da biyu ke fita.”

Ban nuna masa allo ba, da baki na faɗa, a hankali, yadda yake faɗa mini da. Ya ɗaga kai yana kallon silin. Na ga yana bin layin a kansa, na san fuskar. Ya girgiza kai, a'a. Na ce wallahi. Ya sake girgizawa, ya nuna ni da yatsa, wato nawa ne. Na ce, “Ni ma haka na zata, sati biyu na ɓata a kan nawa saboda na ɗauka ba ka kuskure. Da sunanka a gefen layin, Yaya.”

Sai wani sauti ya fito masa, na tsorata, na miƙe zan kira Anti. Ashe dariya ce. Rabin fuskarsa ke yi, kafaɗarsa ɗaya na rawa, hawaye na bin gefen hancinsa. Ya buga hannun kujera. Ya yi ta kokawa da bakinsa, na jira, ban taya shi ba.

Ya ce, “Si... firi.”

Kalmar da yake nufi, ita ta fito.

Umma ta fito da tawul a kai tana tambayar me aka yi masa, wa ya sa shi kuka. Ya ɗaga mata hannu ta dakata. Ya juyo gare ni, ya yi alamar rubutu a iska, sannan ya nuna kunnensa. In karanto masa gyaran da na yi.

Na karanto. Ya saurara ido rufe. Da na kai ƙarshe ya karkata tafin hannu, dama-dama, wai ba laifi amma da shi ne da ba haka zai yi ba. Na ce to ya warke ya zo ya yi nasa.

Umma ta tsaya tana kallonmu, ta ce, “Ku dai Allah ya shirye ku.” Ta shiga kicin. Na ji tana ce wa Anti a zuba abinci na mutum biyu.

Na ci. Ya zubar da rabin nasa a riga, bai yarda an ba shi a baki ba.

Gobe zan zo da kwamfutar.